An ba ni fisiyo maimakon medisin: in karɓa ko in sake zana JAMB?

'Yar Rijiyar Lemo

Assalamu alaikum yayyena da iyayena na wannan zaure. Na jima ina leƙowa ina karanta matsalolin wasu, yau dai abin ya zo kaina.

Wannan ne karo na biyu da na zana JAMB. Bara na ci 238, ko ƙyallin sunana ban gani ba. Na yi shekara guda cur a gida, da safe in tafi lasin, da yamma in koyar da 'yan aji biyu a islamiyyar layinmu. Bana Allah ya taimaka na ci 264, NECO ɗina ma ba laifi, duk biyar ɗin da ake nema na same su a zama ɗaya. Medisin, wato karatun likita, na cike a fom. Shekaranjiya da daddare na buɗe CAPS, shafin JAMB na duba gurbin karatu, a wayar yayana, sai na ga jami'ar ta mayar da ni fisiyo, wato karatun masu gashi na asibiti, an ce in karɓa ko in ƙi. Tun daga lokacin ban yi barcin kirki ba.

Abbanmu ne damuwata. Tun ina firamare "Dakta" yake kirana, har abokansa na Kantin Kwari haka suke ce min in na je rumfa. Da na faɗa masa sai ya yi shiru, can ya ce, "To ki ƙara haƙuri ki sake zanawa, shekara kwana ce." Gwaggona kuwa da ta ji, cewa ta yi, "Yanzu tausa ce za ki je ki yi wa shekara shida? Ai Iya mai wankan jego ma ba ta je jami'a ba." Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su, amma da na shiga ɗaki kuka na yi.

Gaskiya ni kaina ban san aikin ba. Abin da na sani kawai, lokacin da kakarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki an riƙa kai ta gashi. Sau huɗu ko biyar aka je aka daina, saboda kuɗin a-daidaita-sahu da wahalar cicciɓarta. Ban taɓa bin su ba.

Wata ƙawata ta ce in karɓa kawai, in na dage a aji ɗaya sai in koma medisin a aji biyu. Wani malaminmu na lasin kuma ya ce in dai zan bar medisin gara in nemi medilab (masu gwajin jini) ko radiyogirafi (masu ɗaukar hoton ƙashi), wai su aka fi saurin samun aiki da su a ƙasar waje. Mama ta ce ita ba ta yarda da radiyogirafi ba, ta ji ana cewa hasken na'urar yana hana haihuwa.

Don Allah duk wanda ya karanta ɗaya daga cikin waɗannan, ko yake ciki yanzu, ya gaya min gaskiya komai ɗacinta. Shekarata 19.

Anti Mai Gashi

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Maganar Gwaggonki ta ba ni dariya, don tawa gwaggon ma kusan haka ta ce min, kuma yau duk sanda gwiwarta ta motsa ni take nema a waya. Shekarata 9 a wannan aikin.

Bari in ba ki labarin safiyar Talatar da ta wuce, don ita ce ranar yara a sashenmu. Wata yarinya, ba za ta wuce sa'arki ba, ta shigo da ɗanta mai wata biyar. Ranar da ta fara kawo shi kwanansa 12, hannunsa na dama a sake kamar tsumma, ya manne da jiki, tafin ya juya baya. Yaron ƙato ne, kafaɗarsa ta maƙale wajen haihuwa, garin fito da shi jijiyoyin da suka taso daga wuya zuwa hannu suka miƙe fiye da ƙima. A gida an ce mata iska ce ta taɓa shi, kakarsa ta so a kai shi wurin mai ɗori. Abin da na yi da hannuna ranar bai wuce na minti 20 ba. Sauran lokacin duk a koyar da uwar ya tafi: yadda za ta tallafe kafaɗar da hannu ɗaya, ta juya damtsen waje a hankali da ɗayan, ta lanƙwasa gwiwar hannun, duk sanda ta canja masa kunzugu, don kada gaɓɓan su sandare kafin jijiyar ta farfaɗo. To Talatar nan na kaɗa masa makullan ofis a gabansa, sai ya ɗaga wannan hannun dai ya cafke ya kai baki. Uwar ta fashe da kuka. Ni kuma na rubuta a fayil cewa ya fara lanƙwasa hannu da kansa, na kira na gaba.

Ki riƙe wannan wata biyar ɗin a ranki. Aikinmu ba ya sauri, kuma ba kowane yaro ne ke dawowa haka ba, wasu sai an kai ga tiyata. In ke mai son ki ba da magani yau zazzaɓi ya sauka gobe ce, za ki sha takaici a nan. Abin da ya faru da kakarku kullum muna ganinsa. Mutum ya fara samun sauƙi sai ya ɓace, ko kuɗin mota ya gagara, ko an ce a gwada na gargajiya, sai bayan wata takwas a dawo miki da shi hannu ya naɗe ba ya miƙuwa.

Karatun kuwa kada kowa ya ce miki hutu ne. Aji ɗaya tare za ku yi da sauran 'yan kimiyya, fiziks da kemistiri da bayoloji da lissafi. A aji biyu ake gane wane ne wane: anatomi, fisiyoloji, bayokemistiri, kuma ɗakin gawar da 'yan medisin ke shiga ke ma sai kin shige shi. Warin fomalin sai da ya hana ni cin nama kusan wata guda. Mu a hannu da ƙafa da gadon baya aka fi matsa mana, don dole ki san kowace tsoka inda ta taso, inda ta liƙe, da jijiyar da ke motsa ta. In ba ki sani ba, ranar da aka ajiye miki mutumin da ƙafarsa ke jan ƙasa ba za ki iya rabe ko daga ƙashin bayansa abin ya taso, ko allura aka yi masa a ɗuwawu ta soki jijiya ba. Daga nan sai ilimin motsin gaɓɓai, sai na'urori, har da fitilar zafin nan da ta jawo mana sunan masu gashi. In kin tsani fiziks ki je ku shirya tun yanzu. Shekarun ƙarshe a asibiti za ki ƙare su, ɗakin masu karaya, masu shanyewar jiki, yara, mata masu yoyon fitsari da doguwar naƙuda ta kashe wa ƙafa, har ɗakin kulawa ta musamman inda muke taimaka wa wanda ke kan na'urar numfashi ya rabu da majinar da ta taru masa a ƙirji.

Mu shekara 5 muka yi. Yanzu jami'o'i da dama sun koma tsarin DPT, wato digirin dakta a fisiyo, na shekara 6, tunda Gwaggo ta ce shida to irinsa aka ba ki. In kin gama, hukumar MRTB mai kula da sana'armu, wadda aka kafa tun 1988, ita za ta rantsar da ke ta ba ki lasisin wucin gadi, ki yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti ana biyanki, sannan bautar ƙasa. Ki gaya wa Gwaggo kwas ɗin ba na jiya ba ne, Jami'ar Ibadan tun 1966 take ba da digirinsa. A Kano kuma daga asibitin ƙashi na Dala ya samo tushe kafin ya zama sashe a BUK.

Maganar "Dakta": masu DPT ana kiransu da shi, marasa lafiya kuwa ko mai shara ne ya sa farar riga likita za su ce masa. Amma kada ki yi wa Abba rufa-rufa. Ba za ki yi tiyata ba, ba ke za ki riƙa rubuta magani ba, albashinmu a tsarin CONHESS yake, na likitoci a CONMESS, kuma nasu ya fi. Shugabancin manyan asibitoci ma a hannunsu yake, abin da ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta JOHESU ta daɗe tana ƙorafi a kai ke nan. Sannan aikin na ƙarfi ne. Ki ɗaga ƙafar ƙaton mutum sau 30, ki tsaya a bayansa kina tallafe da ƙugunsa yana koyon tafiya, ki yi haka har azahar. Ni mai gyara bayan mutane nawa bayan yana ciwo.

Abin da ya zaunar da ni a ciki shi ne mata. A sashenmu mu 9 ne, biyu kacal mata. Na taɓa zuwa wani gida na tarar da matar da hawan jini ya kayar wata bakwai da suka wuce, tana kwance a kan tabarma, bayanta ya fara gyambo. Mijin yana da kuɗin kai ta asibiti, sun ma je sau ɗaya, da ya ga namiji ne zai kama mata cinya ya motsa sai ya ce a koma gida. Ban yi masa wa'azi ba, na dai naɗe hannun riga. Irinta suna da yawa a cikin gidajen nan, kuma bin marasa lafiya gida da yamma yana daga cikin abin da ke rufa mana asiri a ƙarshen wata.

Kafin ki danna komai, ki je sashen gashi na kowane babban asibiti da sassafe ki zauna ki kalla. In zai yiwu ki tafi da Abba.

Mai Lab

Anti ta gama magana a kan fisiyo. Ni zan taɓa abu ɗaya da ya ci min shekara huɗu na rayuwata, don kada ya ci wa wani.

Ni ma medisin na nema aka ba ni maikirobayoloji. Wani babba a unguwarmu ya ce min in karɓa, ai su ne masu gwajin jini a asibiti. Na yi shekara 4, na fita da sakamako mai kyau, na yi bautar ƙasa, na ɗauki takarduna na tafi neman aiki. Tambayar farko da aka yi min ita ce ina lasisina. Ranar na san cewa gwajin marasa lafiya sai wanda ya karanta medilab ya yi rajista da MLSCN, hukumar da dokar 2003 ta kafa. Haka na koma na sayi fom ɗin DE, wato na shiga kai tsaye, na shiga aji biyu, na zauna da sa'o'in ƙannena na sake wata shekara 4. SLT ma, kwas ɗin fasahar ɗakin gwajin kimiyya da mutane ke ruɗewa da sunansa, ba shi ne medilab ba. Kwasa-kwasai ne masu kyau a inda aka yi su domin shi, amma ba sa ba da wannan lasisin.

Don haka ƙanwata, ko fisiyo ne ko me, ki duba abu biyu. Amincewar hukumar jami'o'i ta NUC daban, amincewar hukumar sana'ar daban. Fisiyo MRTB, medilab MLSCN, radiyogirafi RRBN, masu duba ido ODORBN, nasin kuma NMCN. Ki shiga shafin hukumar ki ga ko sunan jami'arki yana jerin. Sai na biyu, kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da hukumar ta yarda ta ɗauka, kuma tun kina ɗaliba ake yi miki rajista a ba ki lamba. A ce an yarda da 50 makaranta ta ɗebi 150, to ranar rantsarwa wasu za su tsaya a waje suna jiran layi ya zo kansu. Ki samu 'yan aji huɗu ko biyar na sashen ki tambaye su ko an ba su lambarsu. Su ba za su ɓoye miki ba.

In kuma medilab ɗin ya shiga ranki, akwai shi a BUK da ABU da Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, shekara 5 ne, da jarrabawar hukuma a aji huɗu da aji biyar. Sai dai ki san mu ba a ganinmu. Ƙarfe biyun dare za a rugo miki da kwalbar jinin mai haihuwar da ke zubar da jini, ki auna ki ga PCV ɗinta, wato ma'aunin yawan jininta, ya sauka 14, ki duba rukunin jininta, ki gwada shi da na leda ki tabbata ba za su yi faɗa ba, alhali ɗan'uwanta yana dukan taga yana cewa kin cika nawa. In ta tashi likita za ta yi wa godiya, ba ta ma san da ke ba. In kika yi kuskure kuwa, kin kashe ta. Aiki dai akwai, balle tun da Kano ta sa dokar gwaji kafin aure a 2024, masu neman sanin jinotayif da ciwon hanta da ƙanjamau ba sa yankewa.

Ɗan Aji Huɗu

Anti, Allah ya ƙara girma, amma bari in kawo ɗaya ɓangaren kada a yi wa yarinyar nan taron dangi.

Ni sau uku na zana JAMB kafin na samu medisin. A karo na biyu an ba ni wani kwas na lafiya na ƙi, mutane suka ce na butulce wa Allah. Ban yi nadama ba, don na san kaina: da na karɓa, da kullum na ga 'yan medisin a asibiti sai raina ya ɓaci. Akwai irin waɗannan a fisiyo da medilab da nasin, Anti ma ta san su. Shekara biyar suna karatu da rabin zuciya, su fito suna aiki suna hararar likitoci.

Maganar ƙawarki ita ce mafi haɗari a duk abin da kika rubuta. MDCN, hukumar likitoci, ita ma ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, kuma tun a aji ɗaya an riga an cika shi har ya tumbatsa. Abin da aka saba gani shi ne a rage 'yan medisin da suka faɗi a tura su wasu sassan. A ajinmu mutum biyu ne kawai suka shigo daga wani kwas, wasu jami'o'in ma sam ba sa bari. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ki gama digirin da sakamako mai ƙarfi ki nemi DE zuwa aji biyu, nan ma gurbin kaɗan ne, kuma ki lissafa: 6 na fisiyo, da ɗaya na asibiti, da bautar ƙasa, da wasu 5. Kada ki karɓi fisiyo da niyyar tsallakawa. In za ki karɓa, ki karɓe shi don shi.

Amma ni ma ba zan ɓoye miki kuɗin da na biya ba. Abokaina na sakandare wasu sun yi aure, ni har yanzu Baba ke ba ni kuɗin mota. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata 8 ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kuma babu wanda ya yi miki alkawarin in kin sake zanawa za ki wuce 264. Na san wanda ya ci 280 ya ƙi abin da aka ba shi, shekarar da ta biyo ya ci 241.

Mai Hoto

A gaya wa Mama 'ya'yana uku, na huɗu yana hanya, shekarata 11 ina ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi. Hasken da ake tsoro a hoton ƙashi da CT yake, MRI da sikanin ciki babu shi. Sanda za mu danna na'ura muna bayan bango mai dalma a ciki, muna leƙen mara lafiya ta gilashi mai kariya, kuma kowa yana maƙale da 'yar na'ura a ƙirji da ake karɓa lokaci-lokaci a auna abin da ya shiga jikinsa. Ma'aikaciya in ta samu ciki ta sanar, ana ƙara mata kariya ko a canja mata wurin aiki. Haɗarin na ga wanda ya raina ƙa'ida.

Malaminku na lasin kuma bai faɗi duka ba. A Birtaniya hukuma ɗaya ce, HCPC, ke yi wa 'yan fisiyo da 'yan radiyogirafi da 'yan lab rajista, kowa da sharuɗɗansa da jarrabawar Turanci. Saudiyya ma duka tana ɗauka bayan jarrabawar Prometric. Amma wadda ba ta shiga aji ɗaya ba, lissafin biza ya yi mata wuri. Abin da zai fara ba ki wahala in kin gama shi ne samun gurbin shekarar nan ta asibiti, ni sai da na yi wata 10 ina yawo da takardu.

'Yar Rijiyar Lemo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya Ɗan Aji Huɗu, maganarka ta fi kowacce yi min zafi, don gaskiya da niyyar tsallakawa na so in karɓa. Jiya na zauna na tambayi kaina me nake so a medisin ɗin, sai na ga ban taɓa tunanin aikin ba, fuskar Abba kawai nake gani ranar da za a rantsar da ni.

Yaya Mai Lab, na duba jerin MRTB, jami'ar tana ciki. Yayana ya samo min lambar wata 'yar aji biyar, zan kira ta anjima in tambaye ta maganar rajistar.

Na karanta wa Mama duka, da muka zo kan matar da ke kwance wata bakwai sai ta ce in tsaya, ta ce ai Hajiya kakarmu ma da an samu mace mai zuwa gida da ba a daina ba. Ita ta yi wa Abba magana da daddare. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma ya ce ranar Talata zai bar wa yaronsa rumfa mu je mu gani da idonmu. Gwaggo ma ta ce za ta bi mu, wai dama ƙugunta yana damunta.

Ban danna komai ba tukuna. Anti, don Allah in mun je ana barin mutum ya shiga ya zauna ya kalla haka kawai, ko sai mun nemi izinin shugaban sashe tukun? Kuma ƙarfe nawa ya kamata mu isa?